Matan da Suka Suturta 'Yan Makaranta: Tarihin Ƙungiyar Dokas ta 1828

A watan Janairu na shekarar 1828, a tsakiyar sanyin hunturu na birnin New York da ke ƙasar Amurka, waɗansu mata baƙaƙen fata suka kafa ƙungiya domin su riƙa ɗinka wa 'yan makaranta tufafi. Suka sa mata suna Ƙungiyar Dokas ta 'Yan Afirka. A lokacin nan wata shida ke nan kacal da aka gama soke bauta a jiharsu, jama'arsu kuwa na cikin matalautan birnin. Ƙungiyar ba ta gina asibiti ba, ba ta kuma bar wani babban gini da za a nuna wa baƙi ba. Abin da ta yi shi ne ta sa riga a jikin yaron da rashin riga ya tsare shi a gida. Duk da haka labarinta ya iso gare mu bayan kusan shekara 200, har da sunayen waɗansu daga cikin matan, saboda an sami waɗanda suka ga aikin, suka ɗauke shi da daraja, suka rubuta shi. Tarihin nan yana da abin da zai koya wa kowace ikkilisiya game da yadda ake girmama masu hidimar da ba ta da amo.

Asalin sunan

Sunan Dokas ya fito ne daga littafin Ayyukan Manzanni, sura 9, aya 36 zuwa 43. Luka ya ba da labarin wata mace mai bi da ke zaune a Yafa, garin tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Rum, wanda a yau ya haɗe da birnin Tel Aviv. Sunanta da harshen Aramiya Tabita, da Helenanci kuma Dokas, ma'anar duka biyun kuwa barewa. Masana harshen Helenanci sun lura cewa kalmar da Luka ya kira ta da ita, wato almajira a siffar mace, ba ta sake fitowa a wani wuri cikin Sabon Alkawari ba sai a nan. Ba a ce ta yi wa'azi ko annabci ba. Abin da aka san ta da shi shi ne ayyukan alheri da taimakon matalauta.

Da ta yi rashin lafiya ta rasu, aka yi mata wanka aka kwantar da ita a bene. Masu bi suka aiki mutum biyu zuwa Lidda, tafiyar kimanin kilomita 18, su roƙi Bitrus ya zo da sauri. Da ya iso aka kai shi benen, sai matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa taguwoyi da riguna da Dokas ta ɗinka tun tana tare da su. Masu sharhi da yawa sun fahimci cewa tufafin da suke nunawa su ne waɗanda ke jikinsu a wannan sa'a. A zamanin nan kowane zare da hannu ake kaɗa shi, kowane ƙyalle da hannu ake saƙa shi, don haka riga ɗaya dukiya ce, har Dokar Musa ta hana a kwana da mayafin matalauci da aka karɓa jingina, domin da shi yake rufa da dare. Bitrus ya fitar da kowa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya kira ta da sunanta, Ubangiji kuwa ya maido mata da rai. Labarin ya bazu cikin Yafa duka, mutane da yawa suka ba da gaskiya.

Abu biyu ne suka hana aikin Dokas ɓacewa. Na farko, waɗanda suka amfana sun buɗe baki sun shaida. Na biyu, Luka ya ga ya dace ya rubuta sunan mai ɗinki a cikin littafin da ke ɗauke da sunayen manzanni da sarakuna da gwamnoni. Saboda wannan rubutu ne mata Kirista a ƙarni na 19, a Birtaniya da Amurka da wurare da dama, suka riƙa kafa ƙungiyoyin ɗinki suna kiransu da sunanta. A garin Douglas da ke tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, an kafa irinta a 1834 domin godiya ga Allah bayan annobar kwalara, don a mayar wa matalauta tufafi da kayan shimfiɗa da aka hallaka saboda tsoron cutar. Ta birnin New York ta riga wannan da shekara 6.

Birnin New York bayan bauta

Mutane da yawa suna zaton a kudancin Amurka kaɗai aka yi bautar baƙar fata. Jihar New York da ke arewa ita ma ta daɗe tana riƙe da bayi masu yawa, ba ta kuma sake su a rana ɗaya ba. Dokar 1799 ta ce duk ɗan da baiwa ta haifa bayan 4 ga Yuli na wannan shekara ɗa ne, amma sai ya yi wa ubangidan uwarsa aiki har ya kai shekara 28 idan namiji ne, ko 25 idan mace ce. Wata doka ta 1817 ta tsai da ranar 4 ga Yuli, 1827 a matsayin ranar da sauran bayin jihar za su sami 'yanci. Da ranar ta zo, jama'ar baƙar fata suka yi sujadar godiya a majami'unsu, washegari kuma suka yi jerin gwano a titunan birnin.

Sai dai 'yanci bai zo da gona ko jari ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa wani aiki ya fita hannu wofi. Mazan suka shiga dako a tashar jiragen ruwa, da aikin jirgi, da share bututun hayaƙi, da hidima a gidajen abinci. Matan kuma yawancinsu wanki da guga da aikatau a gidajen Turawa suke yi. Gidajen haya da suke iya biya sau da yawa ɗakuna ne na ƙarƙashin ƙasa, masu danshi da duhu. A irin wannan zama kuɗin haya da na abinci da na itacen jin ɗumi sukan cinye abin da aka samu, kafin a zo maganar takalmin yaro.

Makaranta kuwa akwai ta. A 1785 waɗansu manyan birnin suka kafa ƙungiyar neman 'yanta bayi, shugabanta na farko John Jay, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan Amurka na farko. Alexander Hamilton ma yana cikinta. Waɗansu daga cikin 'yan ƙungiyar, har da Jay kansa, suna da bayi a gidajensu a lokacin da suke wannan aiki. A 1787 ƙungiyar ta buɗe Makarantar Kyauta ta 'Yan Afirka domin 'ya'yan bayi da na 'yantattu. A 1820 aka ƙara gina ta biyu a titin Mulberry, wadda za ta iya ɗaukar yara kusan 500. Ana koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa, ana koya wa maza ilimin tuƙin jirgin ruwa, mata kuma ɗinki da saƙa. Shugaban makarantar na tsawon shekaru wani Bature ne ɗan asalin Ingila mai suna Charles Andrews. Makarantar ta yi suna har a 1824 Janar Lafayette na Faransa, gwarzon yaƙin 'yancin Amurka, ya ziyarce ta, wani yaro ɗan shekara 11 mai suna James McCune Smith ya yi masa jawabin maraba.

Abin da ya tsare yara a gida

Ko da yake ba a biyan kuɗin makaranta, yara da yawa ba sa zuwa, waɗanda aka rubuta sunayensu ma sukan ɗauke ƙafa idan sanyi ya kama. Masu makarantar suka nemi taimakon shugabannin baƙar fata. Ɗaya daga cikinsu shi ne Fasto Samuel Cornish, wanda ya kafa ikkilisiyar Firesbiteriya ta baƙar fata ta farko a birnin, wanda kuma shi da John Russwurm suka fara buga jaridar Freedom's Journal a ranar 16 ga Maris, 1827. Ita ce jarida ta farko a Amurka da baƙar fata suka mallaka suke kuma gudanarwa. Bayan Cornish ya bar aikin jaridar a watan Satumba na wannan shekara, sai ya zama wakilin makarantar, yana bin gida gida yana ganawa da iyaye.

Cikin dalilan da suka fito fili akwai rashin sutura. Hunturun New York ya wuce duk abin da muka sani a watan Janairu namu: ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara, dusar ƙanƙara takan rufe tituna, yaron da ya fita ba takalmi ko babbar riga yana iya kamuwa da ciwon da zai kai shi kabari. Bayan sanyi kuma akwai kunya. Iyayen da jiya jiya suka fito daga bauta suna zaune a birnin da ake yi wa launin fatarsu ba'a a titi da cikin jaridu. Uwa ba ta so ta tura ɗanta cikin tsumma ya ratsa kasuwa, ya zama hujja a bakin masu cewa baƙar fata ba su cancanci 'yanci ba. Bahaushe ya fahimci wannan sarai, shi ya sa kalmar sutura a bakinsa take nufin tufafi, take kuma nufin rufin asiri. Ginin makaranta da malamai da littattafai duka suna nan, amma yadi kaɗan da takalmi ƙafa biyu sun shiga tsakanin yaro da ƙofar aji.

Aikin matan

A kan wannan matsala aka kafa Ƙungiyar Dokas ta 'Yan Afirka. Andrews da shugabannin baƙar fata maza, waɗanda da dama cikinsu fastoci ne, sun sa hannu wajen kiran taron farko, suka kuma zama masu ba da shawara. Amma ragamar aikin tana hannun mata. Su suka zaɓi shugabanninsu daga cikinsu. Margaret Francis ce ta shugabanci ƙungiyar, Henrietta Regulus, wadda daga baya aka sani da Henrietta Ray, tana cikin masu riƙe da rubuce-rubucenta. A zamanin da ba a saba ganin mata suna gudanar da taro da kansu ba, ko a cikin Turawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, masana tarihi kuma suna lissafa ƙungiyar cikin ƙungiyoyin farko na mata baƙar fata a birnin.

Yadda suke aikin ba shi da wuyar fahimta. Suna karɓar gudummawar yadi da tsofaffin tufafi daga duk wanda ya ba da, suna haɗuwa a kai a kai su yanka, su ɗinka, su yi wa abin da ya yage faci, su rage babbar riga ta zama daidai jikin yaro, sa'an nan a raba wa 'yan makarantar da suka fi bukata. A tuna cewa keken ɗinki bai shiga gidajen mutane ba sai bayan 1850. Kowace riga da ta fito daga hannunsu da allura da zare aka yi ta, ɗinki bayan ɗinki. Mace takan ware lokacinta ta zauna ɗinkin rigar ɗan maƙwabciya. 

Akwai hikima kuma a yadda suka ɗaura taimakonsu a kan makaranta. Sadakar tufafi tana iya ƙarewa a ranar da rigar ta tsufa. Rigar da ta kai yaro aji kuwa takan bar masa karatu bayan ta yage. Matan nan, waɗanda da yawa cikin tsararsu ba su sami damar koyon karatu ba, sun gane cewa 'yancin da doka ta ba su ba zai yi ƙarfi ba sai 'ya'yansu sun iya karanta takardar haya da yarjejeniyar aiki da Littafi Mai Tsarki da kansu. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki har cikin shekarun 1830. A wannan tsakani makarantun suka ƙaru har suka kai 7, kafin a miƙa su ga hukumar makarantun jama'a ta birnin a tsakiyar shekarun 1830.

Waɗanda tarihi ya tuna

Makarantar Kyauta ta 'Yan Afirka ta yaye mutanen da suka yi fice. James McCune Smith, yaron nan da ya yi wa Lafayette jawabi, jami'o'in ƙasarsa suka ƙi karɓarsa saboda launin fata, ya tafi Jami'ar Glasgow a Birtaniya, a 1837 ya zama baƙar fatan Amurka na farko da ya sami digirin likita. Henry Highland Garnet, wanda iyayensa suka gudo da shi daga bauta a jihar Maryland yana yaro, ya zama fasto, a watan Fabrairu na 1865 kuma ya zama baƙar fata na farko da ya yi wa'azi a zauren Majalisar Wakilan Amurka. Ya rasu a Monrobiya a 1882 yana jakadan ƙasarsa a Laberiya. Alexander Crummell ya zama limamin ikkilisiyar Angilika, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya yi kusan shekara 20 yana hidima a Laberiya. An rubuta littattafai a kan waɗannan mutane, an adana jawabansu da hotunansu.

Tare da su a benci ɗaya akwai ɗaruruwan yara da ba su yi suna ba, waɗanda suka zama matuƙan jirgi da teloli da malamai da iyayen gida. Domin irin waɗannan ne matan Dokas suka yi ɗinki. Su matan kansu kuwa, abin da ya rage na labarinsu kaɗan ne, mafi yawansa kuma daga jaridar Freedom's Journal ya fito. Jaridar ta riƙa buga sanarwar ƙungiyar da labarin aikinta, tana yaba mata, tana kiran jama'a su kawo gudummawa. Jaridar ba ta yi tsawon rai ba. Ta daina fitowa a watan Maris na 1829, shekara 2 kacal da farawa, Russwurm kuma ya ƙaura zuwa Laberiya. Amma a cikin wannan ɗan lokaci ta yi wa matan New York abin da Luka ya yi wa Tabita: ta sa sunan masu allura a shafi ɗaya da labarin majalisu da manyan mutane. Henrietta Ray ta rasu a 1836 tana da ƙuruciya, bayan ta shugabanci wata ƙungiyar mata ta neman ilimi a birnin. Da ba a rubuta ba, da ko sunanta ba mu ji ba.

Yabon nan kuma ya yi aiki tun a lokacin. Sanarwar da ta fito a jarida ita ce ta sanar da mai tsohuwar riga inda zai kai ta, ta kuma sanar da uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki cewa akwai mafita. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. A wannan karo tukwicin ya koma kan yaran, domin yabon ya jawo ƙarin hannuwa cikin aikin.

Yabo da sadakar ɓoye

Mai karatu da ya san Littafi zai iya tambaya: ashe, Ubangiji bai gargaɗe mu a Matiyu sura 6 kada mu yi sadaka don mutane su gani ba? Ta yaya za a daidaita wannan da buga sunan masu alheri a jarida? Amsar tana cikin lura da wanda aka yi wa umarnin. Gargaɗin Matiyu 6 na mai bayarwa ne: kada ya yi shelar kansa, kada ya nemi ladansa a bakin mutane. Ba a ba wanda ya karɓa, ko jama'ar da ta gani, izinin yin shiru ba. Dokas ba ta nuna wa Bitrus ko riga ɗaya ba. Tana kwance ba rai. Waɗanda ta suturta ne suka nuna. Ubangijin da ya hana neman yabo shi ne ya yi tambaya a kan kutare tara da ba su komo sun yi godiya ba, shi ne kuma ya ce za a riƙa tunawa da matar da ta zuba masa turare a Betanya duk inda aka yi shelar bishara.

Manzo Bulus ma haka ya yi. A sura ta ƙarshe ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, bayan koyarwa mai zurfi a kan bangaskiya da alheri, ya tsaya ya jera sunayen mutane fiye da 25, da dama cikinsu mata, yana ambaton wahalar da suka sha cikin aikin Ubangiji. Ya fara da Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya roƙi a karɓe ta da daraja domin ta taimaki mutane da yawa. A wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa ya umarta a girmama Abafaroditas da irinsa. Saboda haka nauyin ya rabu biyu. Mai hidima ya yi aikinsa ba tare da jiran tafi ba, ikkilisiya kuma ta buɗe ido ta gani ta gode. Idan ikkilisiya ta fake da Matiyu 6 ta yi shiru a kan masu yi mata wahala, ta ɗauki umarnin da aka ba wani ta mai da shi hujjar butulci.

Suturta marar sutura kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a idon Allah, ko da yake mutane sukan ɗauke shi aikin mata na bayan fage. A Farawa sura 3, kafin a fitar da Adamu da Hawwa'u daga gonar Adnin, Allah da kansa ya yi musu tufafin fata ya sa musu. A littafin Sama'ila na fari an rubuta cewa Hannatu takan ɗinka wa ɗanta 'yar riga kowace shekara ta kai masa Shilo, inda yake hidima yana yaro. Marubucin ya ga wannan ya isa a ajiye shi cikin tarihin annabin da zai naɗa sarakuna biyu. A Matiyu sura 25 Ubangiji ya lissafa suturta matsiraici cikin ayyukan da zai karɓa a ranar shari'a kamar shi aka yi wa. Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ke sallamar ɗan'uwa marar tufa da fatar baki kawai matacciya ce.

Abin da ya rage gare mu

Ba sai mun je New York kafin mu ga 'ya'yan Dokas ba. Kusan kowace ikkilisiya tamu tana da Zumuntar Mata, a cikinta kuma akwai waɗanda suke tara atamfa da gwanjo domin marayu, da mai keken ɗinki da ke yi wa 'ya'yan gwauraye kayan makaranta ba ta karɓi ko kwabo ba, da waɗanda suke ɗaukar rigunan sanyi zuwa sansanin 'yan gudun hijira idan hunturu ya gabato. Matsalar da Fasto Cornish ya tarar a 1827 tana nan a unguwanninmu: makarantar da aka ce kyauta ce takan mayar da yaro gida saboda ba shi da kayan makaranta ko takalmi, yarinya kuma takan daina zuwa makarantar Lahadi domin rigarta ɗaya ce, ta kuma yage.

Ya kamata mu tambayi kanmu wa muke girmamawa. A ranar ƙaddamar da asusun gini mukan kira babban baƙo da dukan laƙabansa, mu zaunar da shi a gaba, mu sanar da adadin da ya bayar a lasifika. Matar da ta shekara 20 tana ɗinka wa marayu riga kuwa sau da yawa ba a ambatonta daga bagade sai ranar jana'izarta. A sura ta 2 ta wasiƙarsa Yakubu ya tsawata wa taron da ke ba mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa wurin zama mai kyau, yana barin mai tsumma a tsaye. Gwaurayen Yafa sun yi jinkirin nuna rigunansu har sai da Dokas ta rasu, Allah cikin jinƙansa ya ba su zarafi na biyu. Mu ba a yi mana alkawarin irin wannan zarafi ba. Godiyar da za mu yi, mu yi ta tun kunnen mai ita yana ji.

Tarihin ƙungiyar 1828 ya nuna yadda godiyar ta kamata ta kasance. A ambaci masu aikin da sunayensu a gaban jama'a, a yi musu addu'a kamar yadda ake yi wa masu bishara da za a aika. Magatakardan ikkilisiya ya rubuta aikinsu a littafin tarihin ikkilisiya, da shekara da abin da aka yi, domin jikoki su tarar. Majalisar dattawa ta sa musu kaso a cikin kasafin shekara, gama takardar yabo ba ta sayen yadi, wanda ya yaba da gaske kuma yakan tambayi abin da ya rage a saya. A cikin yin haka duka a kiyaye mutuncin yaran. Kada a jera su a gaban taro ana nuna su a matsayin abin tausayi, kada a ɗauki hotunansu ana yaɗawa domin a yabi ikkilisiya. Wanda aka ba riga domin a rufa masa asiri, ba daidai ba ne a tona asirin nan a wajen bikin godiya. Gwaurayen Yafa da kansu suka zaɓi su yi shaida, ba wanda ya tilasta musu.

Ku kuma 'yan'uwa mata da maza da kuke wannan hidima ba wanda ya taɓa ce muku sannu, kada ku karaya. Yawancin matan da suka zauna ɗinki a New York cikin sanyin 1828 sun tafi ba tare da sunansu ya shiga ko jarida ba. Marubucin wasiƙar Ibraniyawa ya tabbatar a sura ta 6 cewa Allah mai adalci ne, ba kuwa zai manta da aikinku da ƙaunar da kuka nuna saboda sunansa ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ya Ubangiji Allah, kai da ka suturta iyayenmu na fari, ka kuma suturta mu da adalcin Ɗanka, muna gode maka saboda Tabita ta Yafa, da matan Ƙungiyar Dokas, da dukan masu irin aikinsu a cikinmu. Ka ƙarfafa hannuwansu, ka biya bukatun gidajensu. Ka ba mu idon ganin yaron da rashin riga ya tsare a gida, ka kuma ba mu bakin godiya ga masu suturta shi. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.